Sawun Jiya

Har yau, in na ji ƙarar tsintsiya a kan jiƙaƙƙen yashi, sai gabana ya faɗi. Shara ce aikina a gidanmu na Gidimuni, daminar da Baffa, ƙanen babana, ya dawo daga karatun likita a ƙasar Sin.

Ya zo da wani siririn takobi mai jan tuntu. Kullum bayan asuba sai ya zare shi a tsakar gida, ya shiga motsi a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa. Ya duƙa, ya juya, ya soki iska, ya tsaya da ƙafa ɗaya. In an tambaya ya ce darasi ne, kowane sara da sunansa. Wa zai yarda? A bakin tafki aka ce karatu ya juya masa kai. Babana ya yanke magana: ran Juma'a za a ɗaure shi, a kai shi inda ake sa wa mahaukata mari. Na ga igiyar da idona a ƙarƙashin tabarmar zaure, kuma ina son Baffa.

Kakana tsohon maharbi ne, ba ya yawan magana. Ran Talata ya kama hannuna, ya nuna mini inda Baffa ke motsinsa.

"Amaryata, kar tsintsiyarki ta ƙara taɓa nan."

Kwana uku Inna na yi mini faɗan ƙazanta, shi kuwa yana ta duban sama, kar hadari ya haɗo.

Juma'a da sassafe ƙarti huɗu suka shigo, babana na riƙe da igiya, Baffa na tsakiyar motsinsa da takobi tsirara. Na san in suka cafke shi haka, sai an ga jini.

"Ku dakata," in ji Kaka. "Ku dubi ƙasa."

Sawun kwana huɗu ne, amma kowace ƙafa ta faɗa daidai gurbin ta jiya.

"Na bi sawun mahaukacin kare, na bi na mahaukacin mutum. Ba wanda ke taka sawunsa na jiya," in ji Kaka.

Babana ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe, ya ba Inna igiyar ta yi shanya.

Yanzu yara na kallon irin wasan nan a salula, ba mai ce musu komai. Kaka ya rasu, an shafe tsakar gidan da siminti. Duk lokacin da na je nakan tsaya a wurin in ce, da a yau ne, me zai nuna musu?