Allon da Malam Ilu Bai Rubuta Ba

Malam Ilu na Barkiya ya tsufa a kan buzun da ya gada wurin mahaifinsa, dorina na ajiye a damarsa. Da ita aka karantar da shi, da ita ya karantar, kuma duk cikin yaran ba wanda ya sha ta kamar ɗansa Munzali, don kada a ce malam na son kai.

Munzali ya haddace, ya tafi Sudan ya ƙaro ilimi, ya dawo yana koyarwa a wata Islamiyya a Dutsin-Ma. Ana cewa yaransa har tambaya suke yi masa, yana amsawa da fara'a. Malam Ilu ya ce wannan ai wasa ne.

A gidansu kaka ke rubuta wa jika allon farko. Da Nuriyya 'yar Munzali ta isa karatu, tsohon ya sa aka sassaƙa ɗan allo, ya fiƙe alƙalami, ya aika a kawo ta. Damina ta wuce, aka yanke gero, shiru. Yau hanya ta ɓaci, gobe yarinya na mura.

Da ya gaji, ya sa allon a jaka ya hau mota. Ya iske Munzali na limancin Magariba a masallacin unguwa, ya shiga sahun baya. Karatu na zuba ba gargada, bai taɓa jin muryar ɗansa haka ba. Sai maƙogwaro ya dame shi, ya yi gyaran murya, irin wanda ya saba yi kafin ya ɗaga dorina. Nan take liman ya sarƙe a surar da ƙananan yara ke biyawa, sai da wani ya tuna masa.

Bayan sallama Munzali ya durƙusa ya gaishe shi, ido a ƙasa. Tsohon ya tambaye shi labarin jikarsa.

"Baba, ta fara tun bara, ni na rubuta mata. Ba ta tsoron allo. Ina so ta ɗore a haka."

Da safe yarinyar ta jingina da gwiwar kakanta ta biya karatunta. Ta yi kuskure, ta yi dariya, ta gyara da kanta. Hannunsa ya laluba dama inda ya saba ajiye dorina, ba komai a wurin.

Bai ciro allon ba. Da shi ya koma Barkiya, yana nan jingine a zaure, fari fat.