Zogalen Inna Altine

Duk wanda ya zauna Kajiji a shekarun baya ya san Inna Altine, in bai san sunanta ba ya san ƙwaryarta. Doguwa ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Da damina za ka gan ta da hantsi ta fito daga bakin fadama, ƙwarya maƙil da tafasa da rama da yaɗiya. Gidanta kuwa babu katanga, zogale ne ya zagaye shi, ita ta kafa shi da hannunta. Mijinta ya rasu yara suna ƙanana, da ganyen nan ta rene su: ta dafa, ta matse, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan barkono, a ci a sha ruwa a tashi.

Zayyanu ne ɗanta na fari, kun kuwa san yadda ake da ɗan fari a wajenmu. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta haɗa ido da shi. Inna Altine ta riƙe wannan kunya har ta wuce misali. "Wancan" take ce masa. Tunda ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Abin da ya sani kawai, in ya dawo daga makaranta zai tarar da ɗan akushi rufe da faifai a bayan randa, kwaɗonsa a ciki, ba wanda ya isa ya taɓa.

Shi kuwa ya tsani kwaɗon nan kamar me. Yara na tsokanarsa a aji, wai haƙoransa sun yi kore, wai ɗan mai tafasa. Tun a lokacin ya yi wa kansa alkawari, in Allah ya ba shi aiki, uwarsa ta gama cin ganye a duniya.

Allah kuwa ya ba shi. Ya samu aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Bodinga, ya auri Na'ima, ya yi gida. Abu na farko da ya yi, ya kai leburori Kajiji suka sare zogalen tas, aka ja katangar bulo, don kowa ya san Altine tana da ɗa. Tana tsaye tana kallo. Daga baya ya ɗauko ta ya dawo da ita Bodinga, ya ce lokacin hutunta ya yi. Hutu kuwa ta sha shi! Tsakar gida siminti, da safe shayi da burodi, da rana shinkafa, da dare taliya, ga lemon kwalba mai sanyi. Maƙwabta sai sa masa albarka suke yi, shi kuma yana jin daɗi.

Wata rana da yamma ya dawo ya hange ta a bakin titi, a duƙe, tana tsinkar tafasa tana zubawa a bakin zane. Wayyo, ransa ya ɓaci. Bai yi mata magana ba, ya shiga ya ɗaga murya ga Na'ima yadda tsohuwa za ta ji: "Haba! Uwar ma'aikaci tana tsintar ciyawa a titi? So ake a ce ba na ciyar da ita?" Inna Altine ta ji. Ta juya ta zazzage wa awakin maƙwabta ganyen, ta kakkaɓe zanenta. Ita da ba ta iya kama sunansa, ina za ta iya musu da shi? Ba ta sake ba.

Shekaru suka tafi, sai mantuwa ta fara. Ta idar da salla ta sake tayarwa. Ta sa takalminta a tukunya. Ta tambayi mijinta da ya daɗe a ƙasa, ko ya dawo daga gona. Tun ana dariya ana cewa tsufa ne, har ranar da Zayyanu ya durƙusa ya gaishe ta, ta kalle shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Bawan Allah, wa kaka nema?"

Ya kai ta asibiti. Jami'ar lafiyar da ta duba ta, Malama Ummukulsum, ta tambayi abin da tsohuwa take ci. Zayyanu ya gyara zama ya zayyana mata, har da lemon kwalbar.

"Ganye fa?" in ji ta.

"Ai ta wuce nan, Malama."

Malama Ummukulsum ta ajiye biro. Ta ce masu bincike suna ganin akwai sinadarai a cikin ganyaye da 'ya'yan itace da ke taimakawa wajen kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa daga lalacewa, irin su zogale da rama da kowa ya raina. Da ta ga fuskarsa ta canza, ta yi saurin cewa, "Ban ce rashinsu ne ya kawo mata wannan ba fa. Akwai shekaru, akwai gado, akwai hawan jini, ba wanda zai iya rantse maka. Kuma ba magani ba ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Amma a riƙa ba ta."

Ina! Zayyanu bai ji wannan ba. Ƙarar gatari kawai yake ji a kunnensa, da ganyen nan da aka zazzage wa awaki. Na'ima ta yi ta ba shi haƙuri, ta ce don Allah ya yi, ba da mugunta ba. Ya ce ya sani, abin da ya fi cinsa ke nan. Kansa ya kare daga jin kunya, ya sa wa abin suna hutun uwa.

Ranar Asabar ya hau babur ya tafi Kajiji. Katangar tana nan, ta tsage. A bayanta kututturan da aka sare sun sake tofo, sun fi shi tsawo, ba mai ban ruwa ba mai kula. Ya kakkaryo rassa ya ɗaure a bayan babur, ya ratsa tsakiyar Bodinga da su kowa yana gani.

Ya zube su a gabanta a kan tabarma. Tsohuwar da ta manta yadda ake ɗaura zane ta jawo reshe ta fara zage ganyen, sharaf-sharaf, tana ware sanduna gefe. Na'ima ta dafa, ta kawo ƙuli-ƙuli da albasa. Inna Altine ta kwaɗa da kanta. Ta ɗebi rabi ta zuba a kwano, ta rufe da faifai, ta waiga neman randa. Babu randa a gidan, sai ta tura shi bayan firji.

Zayyanu ya miƙa hannu. Ta doke hannun.

"Aje, bawan Allah! Wanga na Zayyanu na, yanzu za shi dawo daga makaranta." Ta rage murya kamar mai gulma. "Ba shi so, na sani. Kunya shika ji. Amma ganyen kaɗai gare ni."

Gemunsa da furfura, yau ya fara jin sunansa a bakin uwarsa, kuma baƙo take gaya wa. Ya tashi ya fita waje, ya goge fuska da hular da ke hannunsa. Sannan ya dawo ya yi sallama daga bakin ƙofa.

"Inna, na dawo."

Ta kawar da fuskarta wajen bango, ta ce wa Na'ima, "Ki ce ma wancan abincinai na nan."

Ya jawo kwanon ya zauna a ƙasa. Ta manta ba ta sa gishiri ba. Ya cinye tas, ya suɗe hannu.