Shanya a Hanyar Keke

Shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, ni ina kwance a kan tabarma a Makera da karyayyen ƙugu. Tirela ce ta kwashe ni gab da Gonin Gora. Ban gan ta ba. Iska kawai na ji, sai ga ni cikin lambatu, burodi warwatse a kan titi, mutane suna tsincewa suna kakkaɓe shi kamar shi ne ya ji ciwo. Mai ɗori ya haɗa ƙashi. Ƙafar hagu ta fito gajera, kunnen hagu kuma bai sake jin komai ba. Ta wannan gefen motoci ke bi idan mutum yana kan keke.

Sana'ata kai burodi. Da sassafe nake ɗaura akwatin katako a bayan keke a gidan burodin wani Alhaji da ke unguwarmu, in bi hanyar Abuja ina sauke wa masu shayi da masu tireda, har Kakau. Ban san wani aiki ba.

Da na warke na koma. Zuciya ta yarda, hannuwa suka ƙi. Cikin gari ina tuƙawa lafiya lau, amma da na wuce Gonin Gora, inda manyan motoci ke sakin gudu, sai yatsuna su sandare. Tunda ba na jin tahowarsu, inuwarsu ce ke fara rufe ni. Sai na koma sauka ina tura keken ta 'yar hanyar gona da ke bin gefen titi. Kafin in isa Kakau rana ta take, masu karin kumallo sun watse, burodi ya huce.

Alhaji ya yi haƙuri da ni, ba zan ɓoye ba. Wata rana dai ya kira ni bayan tanderu.

"Malam, ba korarka nake yi ba. Amma mai shayi ba ya dafa ruwa ya jira gurgu."

"Na sani, Alhaji."

"An ce aikin titin nan har da hanyar masu keke. Ka ci gaba da turawa har a gama. In an gama, ka hau. In ba ka hau ba, zan ba wani layin naka."

Na ce to.

Haka na zama mai gadin aikin da ba wanda ya ɗauke ni. Kullum ina tafe ina kallo. Katafila ta ture bukkokin masu gasa masara, ta yanke jar ƙasa kamar nama. Aka rushe tsohuwar gada mai ƙunci da ke kan rafi, aka kafa ginshiƙan sababbi, ƙarafa tsaye a kansu kamar karan dawa bayan girbi. Fostocin 'yan siyasa suka manne a jikin simintin tun bai gama bushewa ba. Can gefe kuma aka ja wata siririyar hanya, aka raba ta da babban titi da ɗan dakali mai kai wa ƙwauri. A bakinta aka kafa allo. Ban iya karatu ba, amma wannan allon ba ya buƙatar karatu. Keke ne a jiki, fari fat.

Na tambayi wani lebura mai ɗauke da kwanon kankare.

"Taku ce, Baba," in ji shi. "Mota ba ta shiga."

"Ko tirela?"

"Ta ina za ta shiga? Sai dai in fiffike gare ta."

Damina ta sauka, aiki ya tsaya. Motocin suka kwanta a gefen hanya, ciyawa ta fito tsakanin tayoyinsu, balbelu suka maida su wurin hutawa. Wani lokaci da safe hazon rafi yakan rufe ƙasan sabuwar gadar, sai ka ga kamar a sama take rataye, ba ta fito daga ko'ina ba, ba ta zuwa ko'ina. Nakan tsaya da keke a hannu in kalle ta. A barcin rana ma ita nake gani. In ga ina tafe a kan baƙin ruwa mai santsi, ba na taka feda, akwati ba nauyi, ƙafafuna kuma tsawonsu ɗaya. Matata takan ce ina murmushi a barci, abin da ba ta gani ido biyu.

Wata damina ta sake zuwa ta wuce kafin su zuba kwalta. Da kaka suka gama wannan yankin, daga bayan Gonin Gora zuwa kusa da Kakau. Aka kwashe gangunan da suka tare hanyar.

Ran da na fara hawa, ban gaya wa kowa ba. Na ɗora gajeruwar ƙafa a feda, na tura. Taya ta kama kwalta shiru, kamar ana shafa mai. Na hau sabuwar gada, na ga rafi a ƙasa, na gangara. Sai na ja birki.

Gabana ja ne wur, iyakar gani. Barkono. Bayansa farin rogo da aka jiƙa aka farfasa, sai masara, sai kuɓewa yankakkiya, sai zoɓo mai duhun jini, sai citta. Matan ƙauyukan gefen hanya sun shanya amfanin gonarsu daga dakali zuwa bakin ciyawa, ko wurin ajiye ƙafa babu. Ƙamshin ya shiga hancina har ido ya kawo ruwa. Na daɗe ban ga abu mai kyau irin wannan ba, kuma a kan hanyata yake kwance.

Mai barkonon wata dattijuwa ce, da ɗan gicciye na katako a wuya da tsintsiya a hannu. Na sha wuce ta a gona muna gaisawa daga nesa.

"Ina kwana, Mama."

"Lafiya, Mai Burodi. Yau jakin naka ya yarda a hau shi? Mun zaci rakiya kawai kake yi masa."

Matan da ke kusa suka yi dariya.

"Mama, hanyar nan ta keke ce."

"In ji wa?"

Na nuna mata wani allon da ke tsaye a bayanta. Ta juya ta ƙare masa kallo.

"Wannan keken ba kowa a kansa. Ran da ya zo da kansa, sai in kwashe masa."

Suka sake fashewa. Ni ban yi ba.

"Ka ji, ɗana," in ji ta. "Tun ina budurwa nake shanya a ƙasa. In kai kasuwa, Alhazawan nan su tauna su ce da yashi, su yi mini tayin wulaƙanci. Yau gwamnati ta shimfiɗa mini faranti. Ni ma na dangwala yatsa ran zaɓe, ba kai kaɗai ba. In kana da ƙarfin hali, bi ta kai."

Ta san ba zan bi ba. Wanda ya taɓa kwana da yunwa ba ya taka abinci.

Na ciccibi keken na tsallaka dakali zuwa babban titi. Na hau. Ban yi nisa ba inuwa ta rufe ni. Ban faɗi ba, na dai sa ƙafa a ƙasa na ƙame, tirela ta wuce tana girgiza akwatin, direban ya miƙo hannu ya yi mini daƙuwa. Na ja jiki na zauna a kan dakali. 

Ashe Mama ta biyo ni tana ta magana ta hagu. Sai da ta zagayo ta dama na san tana wurin.

"Da kai nake. Ko kunnen nan ya mutu?"

"Ya mutu."

"Irin wannan motar ce ta buge ka?"

"Irin ta."

Ta kalli ƙafata, ta kalli titi. Ba ta ce sannu ba. Ta koma wurin barkononta, ni kuma na shiga hanyar gona na tura. Da na dawo gari, Alhaji ya ce ƙanin matarsa ya sayi babur, yana neman layi. 

Washegari na sake zuwa, don ba ni da inda zan je. Shanya na nan yadda take. Ina shirin sauka gona, Mama ta daka mini tsawa ta dama.

"Kawo jakin nan."

Ta durƙusa ta gwada bakin tsintsiyarta a jikin taya.

"Faɗin tsintsiya zan ba ka, ba ƙari. Ka taka mini barkono guda, mu rufe. Kuma ba kyauta ba ce. Ƙararrawar nan taka, ka riƙa kaɗa ta, ka kore mana awaki da kaji."

"Mama, ƙafata gajera ce. Keken yana karkata."

"To ka koya masa tafiya. Ni ce zan koya masa?"

Ta shiga tsakiyar barkonon da baya da baya, tana shara hagu da dama. Baƙin layi ya fito a cikin jan, siriri kamar tsagar kitso. Ta ɗaga murya ta kira mai rogo da yarensu, mai rogo ta kira mai masara. Na ga tsintsiyoyi suna tashi ɗaya bayan ɗaya har can inda ido ke gajiya, hanya tana buɗewa kamar ana warware zare.

Na yi bisimilla na hau.

Ban taɓa tuƙi irin wannan ba. Ido a kan layi, numfashi a riƙe, gajeruwar ƙafa tana neman feda tana samu. Ja ya wuce ta gefuna biyu, fari ya shigo, sai ruwan ɗorawa, sai kore. Na kaɗa ƙararrawa, kaji suka tashi sama, wata akuya ta tsallake dakali da rogo a baki. Mata suna ihu, wata tana cewa, "A hankali, ango!" Wani wuri feda ta kusa shafar zoɓo, na karkata ƙugu, ciwon ya soke ni, na miƙe. Na san tireloli suna wucewa, don ina ganin inuwarsu tana gudu a kan shanya tana canza mata launi. Ban sami sukunin jin tsoronsu ba. Barkonon mutane ne a gabana.

Bayan citta shanya ta ƙare, kwalta ta buɗe fili. Ban ɗaga ido ba, na ci gaba da bin faɗin tsintsiya a inda babu shi, har na ga rumfunan Kakau.

Mai shayi yana tsakiyar fasa ƙwai, bencinsa cike da direbobi da manoma. Ya ɗago ya gan ni a kan sirdi, ya kalli rana, ya sake kallona.

"Malam, yau jirgi ka hau?"

"Keke."

"Gobe ma haka, ko in karɓi na mai babur?"

"Gobe ma haka," na ce. Na kwance igiyar akwati.