Na Je Kwatano Duba Kunnen Jikana

Birnin Kebbi zuwa Kandi

Ana kiran assalatu na bar gida ranar Asabar, ko kokon kirki ban sha ba. Ɗana Nasiru, mai sana'ar atamfa a Zangon Kwatano, shi ya kira ni a waya, wai malamar jikana Abba ta ce yaron ba ya ji. Wata biyu da sa shi ajin ƙanana, wanda can suke kira matanel, bai taɓa waiwayowa ba in ta kira shi. Ta ce a kai shi gwajin kunne, in ta tabbata sai makarantar kurame. Ni kuwa ƙanena sanƙarau ya kurumtar da shi yana ɗan shekara huɗu, daidai Abba, ga shi yaron ya yi zazzaɓi mai zafi da damina. To ina zama?

Muka bi ta Tsamiya muka tsallaka iyaka muka shiga Sagbana. Shingaye kamar an shuka su, kowane a sauko a nuna kati. Direbanmu, wani ɗan Kamba mai surutun tsiya, ya ga ina ta jan carbi ya ce, "Hajiya, motar lafiyarta lau fa." Na ce masa ba motarsa ce a gabana ba. A Kandi muka kwana gidan wata 'yar'uwarsa. Ta kawo sakwara da cukun wagashi, na ci loma biyu na ture.

Kandi zuwa Kwatano

Ƙarfe bakwai babbar bas ta tashi. Faraku muka yi azahar, daga nan hanya ta miƙe ta ƙi ƙarewa. Ina ta tuna wayar bidiyon da muke yi da Abba: ashe duk "Kaka, Kaka" ɗin da yake yi, bakina yake kallo a hoto? A Godome, bakin Kwatano, cunkoso ya riƙe mu har magariba. Ɗan zem, wato kabu-kabunsu mai riga ruwan ɗorawa, ya kai ni Zango kan jaka guda ta kuɗin sefa, ina bayansa ina salati.

Abba ya rugo ya faɗa jikina. Na yi masa tsiya irin ta kaka, na ce maigida ya bar ni ba cefane, ya yi dariya. Amma uwarsa Rakiya ta ce tun da ya fara makaranta ya yi shiru, wani lokaci sai ta kira sau uku. Hankalina ya sake tashi.

Makarantar

Iyaye a ƙofa suke tsayawa, shi ya sa Nasiru da Rakiya ba su taɓa ganin ajin ba. Na ce ni shekara ashirin ina koyar da 'yan nazare, sai na gani da idona. Rakiya ta roƙi Madam, malamar tasu, da Faransanci, aka ba mu benci a baya.

Abin mamaki, ba biro ba littafi. A wajenmu ɗan shekara uku ma sai ya cika shafi da ABC, in ba haka ba uwa ta zo ta ce kuɗinta ya tafi a banza. Nan kuwa yara na wasa da laka da murafan kwalba, suna waƙa, ga tabarmin barci a jere. Na ce a raina, wannan ai gidan suna ne.

Sai aka yi da'ira, Madam na kiran yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe ya faɗi sunansa. Da ta zo kan jikana, sunan da ta kira ya sa gabana ya faɗi, Rakiya ta sunkuyar da kai. Sunan marigayi Malam ne, mijina. Shi aka raɗa wa yaron, shi ke cikin takardar haihuwa. Nasiru ba zai faɗi sunan ubansa ba, Rakiya ba za ta faɗi na surukinta ba, duk Zango Abba suka sani. Yaro bai taɓa jin an kira shi da shi ba. Ga yare baƙo, ga suna baƙo, ya zauna yana kallon ƙasa.

Daga bayansa na ce a hankali, "Abba." Ya juyo fit. Wallahi sai hawaye suka zubo mini.

Rakiya ta yi wa Madam bayani. Matar ta riƙe baki, ta ba da haƙuri, amma ta ce Abba uku gare ta a ajin. Kuma in yaro ya ɓata a kasuwar Tokpa, sunan takarda za a nema. Ita ta kira wata biyu bai karɓa ba, sai dai ya ji daga bakin wanda ya yarda da shi. Na dubi Rakiya, ta kau da kai.

Shekara talatin da ɗaya na zauna da Malam, ko a ɗaki mu biyu sunan nan bai taɓa fita bakina ba. Na durƙusa gaban yaron.

"Sulaimanu," na ce.

Ya dube ni. "Waye shi, Kaka?"

"Kakanka ne. Kai ne kuma."

Na sake kira, ya yi murmushi. A na uku ya ce, "Na'am."

Komawa gida

Duk da haka mun kai shi gwajin, likita ya ce kunne garas. Na yi mako guda na kamo hanya, a Kandi har da ƙarin sakwara, na iso Birnin Kebbi da la'asar lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Madam, da mai masaukina ta Kandi, da direban nan mai surutu. Malam kuwa, Allah ya jiƙansa, ya yi mini aikin gafara: na kira sunansa gatsau a gaban surukarsa, har sau uku.