Mayafin da na bari a ɗakin Mai Ƙasusuwa

Bana shekara goma sha biyu da rasuwar Mai Ƙasusuwa, don a shekarar da soja suka tumɓuke farar hula ya tafi. Baturen Sikotilan ne, farfesa mai koyar da sassan jikin ɗan Adam a Zariya. Ban yi boko ba. Jikata ke rubutawa, ni ke faɗa.

Na san shi shekarar da motoci suka koma hannun dama. Ni ce mai wankan gawar mata a unguwarmu, sai aka ce mini ɗana Habibu yana yankan gawa a makaranta. Na hau mota, na ce yau karatun nan ya ƙare.

Baturen bai yi musu ba, ya kai ni ɗakin da ake yankan gawar. Na tarar da wata baiwar Allah kwance, ko ƙyalle babu. Na yaye mayafina na lulluɓe ta, na ce, "Bature, wannan ma uwar wani ce." Kunnuwansa suka yi ja. Da gurguwar Hausarsa ya ce, "Mama, koya mini." Na nuna masa yadda muke yi: ba a buɗe wuri sai wanda hannu zai taɓa. Ya sa aka sayo farin yadi, ya kafa dokar haka. Na bar masa ɗana, da mayafin.

Yanzu ina Greensboro ta Amurka wajen Habibu, shi ma yana koyar da likitoci. Ƙasar da tsofaffi ke yawo da gajeren wando! Da Mai Ƙasusuwa ya gani, kunnuwan nan da sun sake yin ja. Abin da nake tsoro ba mutuwa ba ne, a yaye mini sutura a hannun baƙi.

Bara aka kwantar da ni asibiti, da rigarsu mai buɗaɗɗen baya. Wata likita Baturiya ta shigo, ba ta san ni ba. Kafin ta taɓa ni ta ja zane ta rufe ni har wuya, ta buɗe daidai faɗin tafin hannu. Na sa jikata ta tambaye ta wa ya koya mata. Ta ambaci sunan ɗana.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Cikin waɗanda suka tsaya a ɗakin Mai Ƙasusuwa ran nan, saura Malam Iro mai gadi, yana Samaru ido ya tafi, sai Habibu, sai ni.