Baba Mai Tauna Dutse

Babanmu dutse yake ci. Haka na faɗa a aji uku da aka ce kowa ya faɗi sana'ar ubansa. Malama ta zane ni, kuma har yau ban ga ƙaryar da na yi ba.

A wata doguwar ma'ajiya mai rufin kwano yake aiki, akwatuna jere har sama. Cikin kowanne akwai sandunan dutse masu kaurin gwangwanin madara, waɗanda injin haƙa ya zaro daga can ƙarƙashin ƙasa. Baba yakan shimfiɗa su a tebur, ya fesa musu ruwa, ya duƙa da ɗan gilashinsa, ya faɗi irin wurin da suka kwanta wajen shekara miliyan ɗari biyar da suka wuce, lokacin ko ciyawa babu a doron ƙasa. Wannan bakin teku ne, wancan can cikin zurfi ne inda ruwa ba ya motsi, ga kuma ramin wata tsutsa. Ya san ta inda tsutsar ta shiga da ta inda ta fita. Inda ya ajiye makullin gida ne bai taɓa sani ba.

Idan ido ya gaza, sai haƙori. Yakan ɓalli ɗan ƙanƙani, ya sa tsakanin haƙoran gaba, ya murza a hankali. In ya ji garas-garas, da garin yashi a ciki, ruwa mai motsi ne ya kawo shi. In ya narke sulɓi, yumɓu ne, ruwan a kwance yake. Tsofaffin masu sana'ar duk haka suke yi. Matasan ofis kuwa ɗakin gwaji suke aikawa, su zauna jiran sakamako.

Mama ba ta taɓa yarda wannan aiki ne ba.

"Malam, tsakuwa ɗaya a shinkafata sai ka ajiye cokali kana kallona," in ji ta. "A can kuwa kai kake binta da gilashi."

Ana saura 'yan makonni ya yi ritaya, likita ya cire masa haƙoran gaba, ya sa masa na roba. Sun yi masa kyau, har maƙwabta suka zo barka. Nama ma suna taunawa. Labari ne kawai ba sa kawowa: duk abin da ya murza, ɗaya yake jinsa.

Ga shi sandunan rijiyar ƙarshe da injin ya haƙa, waɗanda aka ba shi ya yi bayaninsu, suna kan tebur. Can wajen gindinta dutsen ya zama layi-layi, fari da baƙi, sirara kamar zanen tabarma. In fararen da yashi, baƙaƙen babu, to wurin bakin teku ne, ruwa yana cikowa yana janyewa. In duk yumɓu ne, zurfi ne. Ɗakin gwaji sun ce sai bayan wata biyu, lokacin wani ne zai sa hannu a aikin. Baba yana so ya gama da kansa, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce wa yaran da ya koyar su ara masa baki ba.

Wata rana ya dawo da yamma, ya kwance hankici kusa da farantinsa. 'Yan ɓallin dutse ne a jere. Bai taɓa abincin ba. Ya ɗauki ɗaya, ya murza, ya ajiye, ya zauna yana kallon bango. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Mama ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta goge hannu a zani.

"Wanne ne na farko?"

Ya nuna mata da yatsa. Ta sa a baki, ta yamutsa fuska.

"Wannan da ƙasa."

"Wannan fa?"

"Babu. Laushi."

"Na gaba?"

"Da ƙasa."

Haka suka bi layin. Baba ya lumshe ido, hannunsa yana tafiya yana dawowa a kan tebur.

"Ya ciko," in ji shi a hankali. "Ya janye. Ya ciko."

Mama ta kurkure baki, ta tofar a kwano.

"Ashe abin da kake ci ke nan shekara talatin. Ko gishiri babu."

Baba ya ja farantinsa, ya cinye tas.

Washegari da safe ya fito yana neman makulli, sai ya tarar da ita a bakin ƙofa, da mayafin unguwa da takalmin fita, makullin a hannunta.

"Akwati nawa suka rage?" in ji ta. "Yi sauri, Malam, na jiƙa wanki."