Ɗakin Kaka Mai Taya Biyu

Ba na jin warin dizal ya gauraya da ƙamshin citta ban tuna bas ɗin kakana ba. Kai mai karatu, wataƙila dizal tashin zuciya yake sa ka. Ni kam yunwa yake sa ni.

A unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira na tashi, a hawa na biyar na wani bene. Kaka, mahaifin Ummana, makanike ne da ya zo Alƙahira daga Sudan, iyayensa kuma daga ƙasar Hausa suka taka da ƙafa. Mutum ne da ba ya iya shekara guda cur a ƙarƙashin siminti. Ya sayi tsohuwar bas ta makaranta, ya cire kujerun, ya shimfiɗa katifu, ya kafa risho a baya. Idan zafi ya matsa, sai ya kwashe mu har da maƙwabta mu nufi bakin teku. Da sanyi kuwa Fayyum muke yi, gefen tafki, da buhun lemo da dankalin gashi. Kakarmu mace na dafa gahawa da citta, bas na tangaɗi, ko ɗigo ba ya zuba.

Sannu a hankali mutane suka ragu. Wasu maƙwabta suka samu tafiya Turai, wasu suka koma gida, kakarmu ta rasu. Kaka ya sayar da babbar bas, ya sayi ƙarama, ya yi mata gado biyu da labule. Ya ce ba zai riƙa yawo da katifun da babu mai kwanciya a kansu ba.

Daga nan idonsa ya fara dishi-dishi. Ranar da ya gogi keken mai dafaffen wake a bakin layi har tukunya ta kife, kawunnaina biyu suka zaunar da shi suka karɓe mabuɗi. A nan ban ga laifinsu ba. Amma sai suka ƙara da cewa fita ma ta ƙare, ya zauna a sama ya ja carbi, shi ya dace da shekarunsa. Wannan ne har yau ban yafe musu ba.

Kaka ya sa aka sayar da ƙaramar bas. Wata safiya sai ga mota ta jawo karafan ta ajiye a gindin gidanmu, ɗan ɗaki a kan taya biyu, bai fi shagon mai shayi ba.

Babban kawu ya sauko a fusace. "Baba, wannan fa?"

"Ba inji, ba sitiyari," in ji Kaka. "Yalla, nemo mabuɗin ka karɓe."

Daga ranar, kowace Juma'a in an sauko masallaci, sai ya shiga ciki da jakarsa da butarsa, ya bar ƙofa a buɗe ya zauna. Ba ya roƙon kowa. Mai wucewa ya tambaya ina zuwa, ya ce Fayyum, in Allah ya kawo mai ja. Ni yakan aika in kawo masa ruwan sanyi, ya tsokane ni wai amaryar banza ce ni, miji zai yi tafiya ko guzuri babu. Lokacin tsakiyar zafi ne, bangon karafan ba ya taɓuwa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Kawunnai suka kafe, shi ma ya kafe, ni kuma tsoro ya cika ni kada zafin nan ya kashe shi.

Umma ce ta gaji. Ta shiga koyon tuƙi ido na ganin ido, ta ari tsohuwar motar wata ƙawarta, aka yi mata ƙugiya a baya. Babban kawu ya ce abin kunya ne mace ta ja ɗaki a titi.

"Yaya," in ji Umma, "abin kunyar shi ne ubanka na gasuwa a gwangwani kana sama gaban fanka."

Fitarmu ta farko, da ƙyar muka bar layi, Umma ta yi baya karafan ta yi nata wuri, yara na ihu. Kaka na gaba kusa da ita, yana ba da umarni da kunne kawai. Da muka bar gari iska ta canja, sai ya sauke gilashi ya fitar da hannu. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskar babba ba.

Yau ni ke ja. Kaka ba ya gani ko kaɗan. Wuraren da muka saba tsayawa duk an kewaye su da katanga an sa masu gadi, sai mu ƙara gaba har mu samu inda babu mai kora. Kawunnai sun yi furfura, amma ba su daina ba. Makon jiya babban ya tare ni a ƙofa, wai in tsoho ya cika a hanya fa, me zan ce wa dangi?

Kaka ya riga ni amsawa daga cikin mota.

"To a ina kake so in cika, a hawa na biyar? Amarya, ta da mota."

Na tayar.